Ƙarfen Ƙofar Ruwa

Kilo-kilo na sayo ta a Ƙofar Ruwa,
gawar wata tirela ce da aka yi wa fiɗa:
kwanon birki biyu, guntun shasi,
boris huɗu masu kukan tsatsa,
da kacar babur da mai ita ya ce in ɗauka, gyara ce.

Tasi'u ne ya kawo hoton a waya.
"Ka ga wannan? Kuɗinta ya fi shagonka da kai a ciki.
A zauna, a tura, ƙirji ya buɗe,
kafaɗa ta cika riga.
Za ka iya?"
Na ce ƙarfe bai san daga ina hoto ya zo ba,
wuta kaɗai yake jin maganarta.

Kwana tara ina walda.
Nepa ta kawo, Nepa ta ɗauke,
tartsatsi ya huda mini riga har wuri uku,
da dare idona kamar an zuba barkono.
Na yi mata kujera da soson tsohuwar katifa,
na bi ta da baƙin fenti
don a rufa wa tsatsa asiri.

Yanzu tana Dakata, gaban madubi mai tsaga.
Bayan la'asar samari kan yi layi.
Ga Sagiru, sillen kara, yana cije leɓe,
ga Nafi'u da ɗinkin rigarsa ya fara roƙon afuwa.
Kaca na kuka, kwanon birki na hawa da sauka,
ana ƙirge da ihu:
sha ɗaya, sha biyu,
"Ƙara ɗaya! Ƙara ɗaya!"

Da na ba Baba labari, dariya ta kusa shaƙe shi.
Shekara talatin da huɗu yana dako a Singa,
buhun sukari, buhun gishiri, katan ɗin sabulu.
Ya ce, "Mu biyanmu ake mu ɗauka.
Su su biya, su ɗauka,
su kuma ajiye a inda suka ɗauka?"
Kafaɗarsa ba ta taɓa neman madubi ba.
A kanta na fara ganin tsakiyar kan mutane,
ina riƙe da kunnensa, yana ratsa kasuwa.

Kafin damina ke nan.

Wata asuba buta ta kuɓuce masa.
Ya sunkuya zai ɗauka,
hannun dama ya ƙi amsa kira.
Mako biyu muka yi a asibitin Murtala.
Ranar sallama ma'aikaciyar ta riƙe gwiwar hannunsa ta ce,
"Kullum a ɗaga shi, ko yaya,
kada ya manta hanya."

Na koma shago, ban nemi hoton kowa ba.
Gargare ɗaya, igiyar guga,
gwangwanin madara cike da yashi,
mariƙin da na naɗe da tsumman tsohon gammonsa.
Na rataya a reshen darbejiyar tsakar gida,
na ajiye masa kujera a ƙasa.

Ya daɗe yana kallonta.
Baki ya karkace, amma ba'ar tana nan:
"Nawa zan biya?"

Na damƙa yatsunsa a kan mariƙin ɗaya bayan ɗaya.
Ya ja.
Mutumin da ya sha sauke tirela kafin azahar,
zufa ta keto masa a kan gwangwani.
Ɗaya.
Inna ta daina tankaɗe, rariya a hannu.
Biyu.
Igiya na rawa, gargare na ƙara.
Uku, sai ya saki, ya jingina kai da itace.

Ba madubi, ba mai ihu.
Na durƙusa kusa da kunnen nan da na saba riƙewa,
na ce a hankali,
"Baba, ƙara ɗaya."

Ya harare ni da idon da ya rage masa.
Gwangwanin ya bar ƙasa
kamar taƙi guda.